Muhawara: Kujera nawa aka ba mata a teburin sulhu, ko kuwa wa ke riƙe da alƙalami?

Barista (Kongo):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga maudu'in wannan makon. Ranar 31 ga Oktoba, 2000, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙuduri mai lamba 1325, a watan da Namibiya ke shugabantar kwamitin. Abu huɗu ya ƙunsa: a sa mata cikin yanke shawara kan yaƙi da sulhu, a kare su lokacin rikici, a yi rigakafin rikicin tare da su, sannan a tuna da buƙatunsu wajen agaji da sake gina gari. Najeriya ta fitar da nata tsarin aiwatarwa a 2013, ta sake wani a 2017. To amma ƙididdigar manyan tattaunawar sulhu na duniya daga 1992 zuwa 2019 ta nuna mata kashi 13 cikin 100 ne na masu tattaunawa, kashi 6 na masu shiga tsakani, kashi 6 na masu rattaba hannu. A nan gida kuwa ku dubi hoton duk wani zaman sulhu: manyan riguna da rawuna da kaki, sai mace ɗaya a can gefe. Shin matsalar yawan kujeru ce, ko wani abu ne daban?

Baban Sadik (Sabon Gari):
Wa'alaikumus salam, Barista. Ni zan zama mai ja. Sulhu da mai bindiga ake yin sa. Wanda ba shi da iko ya ce wa yara ɗari uku su ajiye makami su ajiye, zamansa a tebur bai tsayar da harsashi ko ɗaya ba. Kwamandoji maza ne, shi ya sa tebur ya cika da maza. Galibin matan da ake sakawa don mai ba da kuɗin taron ya rubuta a rahotonsa ne. Kada mu ruɗi kanmu.

Malama (Samaru):
Baban Sadik, a kan tsagaita wuta kana da gaskiya, amma ka haɗe abu biyu. Tsagaita wuta takarda ce gajera: ranar da za a daina harbi, inda kowa zai tsaya, wa zai sa ido. Cikakkiyar yarjejeniya kuwa ita ke faɗin wa zai koma gonarsa, wa za a biya diyya, wa za a yafe wa, yaushe za a buɗe kasuwa da makaranta. Wannan ta shafi kowa, kuma mai bindiga shi ne ya fi kowa rashin cancantar yanke ta shi kaɗai, don abin da zai fara nema afuwar kansa ne da muƙami.

Sannan in ja kunnen masu goyon baya su ma. Akwai adadin da ake yawan ambata, cewa in mata suka shiga, yiwuwar yarjejeniya ta kai shekara 15 na ƙaruwa da kashi 35 cikin 100. Ku riƙa faɗinsa da hankali. Wurin da aka bar mata suka shiga, galibi dama can an bar ƙungiyoyin farar hula da jam'iyyu sun shiga, don haka raba tasirin wannan da na wancan yana da wuya. Binciken da aka yi a Janeba kan tattaunawa 40 ya fi gamsar da ni, domin abin da ya gano shi ne tasirin matan a kan abin da aka rubuta ke sa a cimma yarjejeniya a kuma aiwatar, ba yawan kawunansu a ɗaki ba.

Ku dubi Arewacin Ayalan. A 1996 aka ce jam'iyyu goma da suka fi ƙuri'a a wani zaɓe na musamman su ne za su zauna a tebur. Mata 'yan Katolika da 'yan Furotesta suka kafa jam'iyyar haɗin gwiwa cikin 'yan makonni, suka samu wajen kashi 1 cikin 100 na ƙuri'u, suka shiga cikin goman. Kujera biyu kacal suka samu, Monica McWilliams da Pearl Sagar. Amma kujerun na masu cikakken iko ne, ba na 'yan kallo ba, kuma su suka dage har aka sa batun waɗanda rikicin ya rutsa da su da na makarantun haɗin gwiwa a yarjejeniyar 10 ga Afrilu, 1998.

Tsohon Insifeto (Hanwa):
Malama ta yi magana. Ni na kusa da mu zan kawo, Laberiya. A 2003 matan ƙasar, Kirista ƙarƙashin Leymah Gbowee, Musulmi ƙarƙashin Asatu Bah Kenneth wadda 'yar sanda ce, suka sa fararen kaya suna zaman dirshan kullum a filin kasuwar kifi ta Monrobiya, kan hanyar da shugaban ƙasar, Charles Taylor, ke bi. Suka matsa har ya yarda da zuwa tattaunawa da 'yan tawaye a Akara, babban birnin Ghana. Kun san wa ya shiga tsakani? Namu ne, Janar Abdulsalami Abubakar.

An fara a watan Yuni. Mako ya bi mako, wakilan 'yan tawaye na kwana a otal, ana ci ana sha, a Monrobiya kuwa ana ruwan rokoki. A watan Yuli mata wajen 200 suka zauna a bakin ƙofar zauren, suka saƙala hannuwa, suka aika wa Janar takarda cewa ba mai fita, ko don cin abinci, sai an daidaita. Da jami'an tsaro suka zo kama Gbowee sai ta fara kwance ɗankwali, ta ce za ta tuɓe. A al'adarsu la'ana ce namiji ya ga tsiraicin uwa ta wannan hanya. Aka ja da baya. Janar bai sa an kore su ba, mazan ya mayar cikin ɗaki. Ranar 18 ga Agusta aka rattaba hannu, Taylor kuma ya riga ya sauka daga mulki ya taho Kalaba gudun hijira mako guda kafin nan.

Baban Sadik (Sabon Gari):
Baba Insifeto, ai ka ƙarfafa maganata. A waje suke, a bakin ƙofa. Ba su suka rubuta ba.

Malama (Samaru):
Haka ne, kuma an ga sakamakon hakan. Gwamnatin riƙon ƙwarya da ta biyo baya, ma'aikatu aka rarraba wa ɓangarorin da suka yi yaƙin. Matsin lamba daga waje yana sa a gama da wuri, amma ba ya canza abin da ke cikin takardar.

In kana son ganin ɓarnar rashin mace wajen rubutu, dubi kwance ɗamarar Saliyo. A farkon shirin, sharaɗin shiga shi ne ka kawo bindiga, ka kuma nuna ka iya kwance ta ka haɗa. A takarda ba laifi. A daji kuwa kwamanda ya karɓe bindigogin matan ya ba ƙannensa da yaransa su je su karɓi kuɗin. Waɗanda aka sace aka mayar masu girki, masu dakon harsashi da matan dole, dama ba su da bindigar kansu. Cikin mutum sama da 70,000 da suka bi shirin, mata ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, alhali sun fi haka yawa nesa ba kusa ba a sansanonin. Suka koma gari da goyo, ba kuɗin sallama, ba koyon sana'a, ga tsangwama. Jimla ɗaya ce da za ta gyara: duk wanda ya zauna da mayaƙa, da makami ko babu, ya cancanta, kuma a yi wa mace rajista da sunanta, a ɗaki daban, ba a gaban mutumin da ya sace ta ba.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Tubabbun Boko Haram maza ana kai su sansanin garin Malam Sidi a jihar Gombe, su yi watanni a shiri mai tsari. Mata da yara galibi cibiyar Bulumkutu ta Maiduguri suke bi, daga nan a sallame su zuwa unguwar da ake nuna su da yatsa ana kiran 'ya'yansu da munanan sunaye.

Malam (Ƙofar Doka):
Bismillah. Ina so in toshe wata ƙofa, don akwai masu cewa wannan duk aƙidar Turawa ce. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, da aka gama rubuta sulhu, Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabbai su yanka hadayarsu su yi aski, ba wanda ya motsa saboda baƙin cikin sharuɗɗan. Ummu Salama (RA) ce ta ba shi shawara ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa, ya kira mai aski. Da suka gani sai suka tashi suna rige-rige. Ku lura, a matakin aiwatarwa ne abin ya cije, a nan kuma shawararta ta yi aiki. Ranar buɗe Makka kuma Ummu Hani ta ba da mafaka ga wanda ake nema, Annabi (SAW) ya tabbatar da amanar da ta bayar, kuma daga nan jumhurun malamai suka ce amanar mace tana zartuwa. A ƙasarmu, Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajoji su shiga ƙauyuka su karantar da matan da yaƙe-yaƙe suka ɗaiɗaita.

Abin da za a kiyaye shi ne tsarin zama. Ba dole sai an cakuɗa ba. A yi zaman mata daban, amma abin da suka yanke ya shigo babban zama a rubuce, kuma wakilansu su karanta da bakinsu.

Maman Khalifa (Tudun Wada):
Allah ya gafarta Malam, wannan "da bakinsu" ita ce maganar. Bari in sauko da ita ƙasa, rikicin manoma da makiyaya irin na ƙauyukan Giwa, Soba ko Igabi, don a nan ma ake yin kuskuren da ake yi a manyan teburan sulhu na duniya.

Yadda aka saba: hakimi ya kira zama da hantsi a ƙofar fada. Dagatai, ardo, liman, fasto in akwai, shugaban 'yan sintiri da ɗan sanda suna kan kujeru. An gayyato "shugabar mata", wadda sau da yawa ta jam'iyya ce ko matar wani babba. Tana kan tabarma a baya. Surukinta na wurin, don haka ko an ba ta dama ba za ta ɗaga murya ba, in Bafillatana ce ma ko sunansa ba za ta kama ba. A ƙarshe a ce ta yi godiya a madadin mata. An cika sharaɗi, ba a ji komai ba.

Yadda ya kamata, tun mako biyu kafin babban zama a fara da matan kowane ɓangare su kaɗai, mutum 10 zuwa 15, kada su wuce haka don kowa ta samu magana. A cikin gida ko makarantar Islamiyya ko harabar coci, bayan azahar zuwa la'asar, lokacin da aka sauke tukunyar rana ba a ɗora ta dare ba, kuma ba ranar kasuwa ba. Mace ce za ta jagoranta, da tafinta mace in akwai masu Fulfulde. Kada a zaɓo ta hannun shugaban ƙaramar hukuma. A nemi ungozoma, uwar adashe, mai tallar nono da ta daɗe tana shiga gari, malamar Islamiyya, shugabar zumuntar mata, da zawarawan da rikicin ya kashe wa maza. Tambayoyin kuma ƙanana ne: wace rijiya ce kuka daina zuwa? Wace hanyar itace? Wa ke bin ki bashi a ɗaya ɓangaren? Wa ya ɓata ba a ga gawarsa ba?

Bayan nan a haɗa matan ɓangarorin biyu, su fitar da buƙatu da ba su wuce biyar ba. In suka kai ashirin, mazan za su zaɓi mai sauƙi su bar sauran. Sannan a kwamitin rubuta yarjejeniya, wanda bai cika wuce mutum biyar ko bakwai ba, lallai biyu su zama mata, ɗaya daga kowane ɓangare. Mace ɗaya tak ba ta da mai mara mata baya, kuma ɗaya ɓangaren zai ce ta abokan gaba ce.

Ba sabon abu ba ne a jihar nan. Yarjejeniyar Kafanchan ta Maris 2016, wadda al'ummomi 29 na ƙananan hukumomin Sanga, Kachia, Kaura, Zangon Kataf da Jama'a suka sa wa hannu, mace ce ta jagoranci shiga tsakaninta, Alice Nderitu 'yar Kenya. Hukumar zaman lafiya ta jihar Kaduna da aka kafa a 2017 ma mace aka fara ba ragamar gudanar da ita, Priscilla Ankut.

Anti Nas (Wusasa):
Sannunku. Ni ɓangaren kariya zan taɓa, don shi ake bari sai an gama raba muƙamai. Bayan hari, wadda aka yi wa fyaɗe tana da awa 72 ta fara shan maganin kariya daga cutar ƙanjamau, ta sha kwana 28 ba fashi. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki zuwa awa 120, amma gwargwadon saurin sha gwargwadon amfaninsa. Ga allurar tetanus in akwai rauni, da ta ciwon hanta. Abin da ke lalata lamarin shi ne dangi su ɓoye ta kwana huɗu suna shawara, ko a ce sai an fara zuwa ofishin 'yan sanda. A'a, asibiti ne farko. Kayan da ke jikinta a sa a takarda ko ambulan, ba leda ba, don leda na riƙe danshi shaida ta ruɓe. A Zariya akwai cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba don irin wannan.

Sai batun afuwa. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1820 na shekarar 2008 ya ce kada a sa laifin fyaɗe cikin abin da ake yafewa a yarjejeniyar sulhu. Amma a zaman ƙauye da an ce "a yafe duk abin da ya wuce" shi ke nan an haɗa da shi, ba wanda ya tambayi mai haƙƙin.

Baban Sadik (Sabon Gari):
To na ji. Amma ku daina nuna mata kamar duk masu kashe wuta ne. Wa ke yi wa saurayi gori a gida cewa an kashe ubansa yana zaune? Wa ke kai wa 'yan bindiga abinci, fetur da labari a daji? An sha kama mata da harsasai a cikin kaya.

Tsohon Insifeto (Hanwa):
Gaskiya ce, ɗana, kuma hujja ce a kanka. Wanda ke iya zuga yana iya hanawa, don haka barin sa a waje ganganci ne. Ta fuskar aiki ma, shingen bincike da babu jami'a mace ba zai taɓa lalube mace ba, masu safarar makamai sun san haka sarai. Boko Haram ta fara tura mata da bam a 2014 saboda wannan giɓin. Kuma matar da ta ga baƙin fuska suna sayen burodi da yawa ba za ta shiga caji ofis ta faɗa wa namiji ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa kanta mizani zuwa 2028: mata kashi 15 cikin 100 a bataliyoyin kiyaye zaman lafiya, 25 a hafsoshi da masu sa ido, 20 a rundunonin 'yan sanda, 30 a 'yan sandan da ake turawa ɗaiɗai. Na bataliya ne ya fi wuya, don sai ƙasa ta ɗauki mata aikin soja kafin ta tura su. Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke hana su: sulke da aka ɗinka a jikin namiji, sansani ba banɗaki daban, kwas ɗin da ake sa wa sharaɗin shekarun da mace ke goyo. Indiya ta tura rundunar 'yan sanda mata zalla Laberiya a 2007, suka yi ta musanya har 2016. Sai 2014 aka fara ba mace kwamandan dakarun Majalisar, Manjo Janar Kristin Lund 'yar Norwe, a Saifurus.

Maman Khalifa (Tudun Wada):
Baba, kan labarin da mata ke riƙe da shi, Wajir ta arewacin Kenya ce abin koyi. A 1993 faɗan ƙabilu ya shigo har kasuwa, mata suka daina saye da sayarwa da juna. Dekha Ibrahim Abdi da 'yan uwanta suka fara da kasuwar kawai: suka sa masu lura kullum, kowace mace ta shigo ta yi ciniki ko daga wace ƙabila take. Da wannan ya zauna suka je wa dattawan ƙananan ƙabilun da ba sa cikin faɗan su shiga tsakani. Zuwa 1995 abin ya zama kwamiti na dindindin da jami'an gwamnati a ciki, da tawagar da ke tashi nan take in an ji ƙishin-ƙishin.

Alamun a nan ma mata ke fara gani. Masu nono sun daina shigowa kwana biyu a jere. Wani ɓangare na kwashe yara da tsofaffi zuwa wajen dangi. Ana sayar da kaji da awaki a karye. Matsalar ita ce wa za a faɗa wa. In labari ya bi ta zauren WhatsApp mai mutum hamsin, kafin magariba an san wadda ta faɗa, kuma a yankin da 'yan bindiga ke da 'yan leƙen asiri wannan hukuncin kisa ne. Mutum biyu kawai za su san sunanta, labarin ya wuce ba suna, kuma a riga an yarda wa zai tashi cikin awa 24. In aka kai rahoto sau biyu ba a ga motsi ba, ba za ta sake kawowa ba.

Barista (Kongo):
Na gode muku. Abu biyu daga ɓangaren doka. Na ɗaya, kaso a takarda ba ya aiwatar da kansa. Yarjejeniyar Sudan ta Kudu ta 2018 ta ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai, amma da aka naɗa gwamnonin jihohi goma, mace ɗaya ce a ciki, don ba a rubuta abin da zai faru ga ɓangaren da ya saɓa ba. Da an ce jerin sunayen da bai cika kason ba za a mayar wa mai shi, da an ga bambanci. Tsarinmu na ƙasa ma ciwonsa ke nan: an damƙa wa ma'aikatar mata, alhali soja, 'yan sanda da kuɗin tsaro suna wasu hannaye.

Na biyu, lafazi. A sulhun gwamnatin Kolombiya da 'yan tawayen FARC an kafa ƙaramin kwamiti na musamman kan lamuran mata a tattaunawar da aka yi a Habana ta ƙasar Kuba a 2014, ya yi aiki mai kyau kan mallakar fili da haƙƙin waɗanda aka zalunta. Amma masu adawa suka yi ta yaɗa cewa yarjejeniyar za ta rusa iyali, a ƙuri'ar raba gardama ta Oktoba 2016 aka ƙi ta da ƙaramin rinjaye, sai da aka gyara aka sake sa hannu a Nuwamba. A nan Zazzau, a rubuta "gonar marayu ta koma hannun uwarsu kafin damina", kowane liman da fasto zai sa hannu. A kwafo kalmomin takardun Majalisar Ɗinkin Duniya, a rasa su duka.

Baban Sadik (Sabon Gari):
Wannan na gonar marayu na yarda da shi. Amma diyya fa? Ai ga magada ake ba wa, ba sai mace ta zauna a kwamiti ba.

Maman Khalifa (Tudun Wada):
A hannun wa ake damƙawa, Baban Sadik? Ana biya ne a bainar jama'a, a miƙa wa wan mamaci ko mai unguwa, ita kuwa tana ɗaki tana takaba wata huɗu da kwana goma. Kafin ta fita an ci rabi da sunan hidimar zaman makoki. Don haka a rubuta sunan matar da na kowane yaro a takardar biya, alƙali ko malamin da ya san rabon gado ya fitar da tumuninta da kason marayu tun kafin kuɗin su bar hannun kwamiti, a aika mata biyu su kai mata nata har ɗaki ta dangwala hannu. Kason yaran kuma a sa a asusun da sai da sa hannun mutum biyu ake cira, ita ɗaya daga ciki.